Ranar da Talabijin Ya Kori Inna Daga Falonta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, mu uku a mota: ni, da direba, da wani abokina mai sana'ar haɗa kayan lantarki. Karaye muka nufa, ƙauyenmu na ƙasar Maiyama, inda Inna take zaune a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari. Tun yanzu gara in gaya muku, da fushi na tafi, kuma da ragowarsa na dawo.

Ga yadda abin ya samo asali. A daminar bara Inna ta zame a tsakar gida ta bugu a ƙugu. Babban yayanmu yana Abuja, shekara uku rabonsa da gida, don haka kowa ya ɗauka wannan karon dai zai zo. Bai zo ba. Bayan wata da watanni sai ga kwalaye sun iso gidana: talabijin mai faɗin ƙyauren ɗaki, lasifika huɗu, kyamara, akwatin intanet, sola da baturanta, da wani ɗan abu kamar ƙwan zabo wanda ke gane motsin mutum. Ya biyo su da dogon saƙon murya. Wai da asuba na'urar za ta kunna karatun Alƙur'ani da kanta, lokacin labarai ta kawo labarai, in Inna ta shigo falo talabijin ya kama. Abin da ya fi burge shi kuwa, duk sa'ad da ya kira, na'urar za ta amsa da kanta, fuskarsa ta fito a bango, shi ma ya ga Inna. "Ba sai ta taɓa komai ba," in ji shi.

Da na ji wannan na ƙarshen na san akwai matsala. Kun san yadda iyayenmu suke da kunyar ɗan fari, to Inna ta fi kowa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya zo gaisuwa kanta a ƙasa take amsawa, saƙonta kuma ta bakina yake bi. Ni ne auta, ni nake cin tuwo a kwanonta, ni take yi wa faɗa son ranta. Na san duk wannan sarai, amma na loda kwalayen a mota.

Talabijin ne ya ci kujerar baya gaba ɗaya, an naɗe shi da bargo biyu, ni kuma aka matse ni a gefe ina rungume da shi. Duk ramin da muka faɗa sai abokina ya waiwayo a firgice, ba don ƙashin bayana ba. Kafin mu wuce Tambuwal Yaya ya kira sau uku, kuma tambayarsa ɗaya ce, ko gilashin bai tsage ba. Ko sau ɗaya bai ce yaya hanya ba.

Tun kafin ka ga Aliero hancinka zai gaya maka ka iso. Albasa ce ko'ina, tuli-tuli a bakin titi, wata a buhu, wata a ƙarƙashin rumfar kara tana shan iska, ga manyan motoci sun jeru ana yi musu lodi. Na ce bari in saya wa Inna tsaraba, ai a gidan albasa nake. Farashin da aka gaya mini ya sa na tambayi mai albasar ko ya ɗauka daga Legas na fito. Ya yi dariya ya ce motocin Legas ɗin ne suka koya musu. Muka zauna wurin wani mai shayi, dattijo mai yawan barkwanci, muka sha da burodi da ƙwai. Ya leƙa motarmu ya ce, "Wanga kaya dut na amarya na?" Na ce na tsohuwa ne. Ya girgiza kai yana zuba shayi daga sama, ya ce, "To, Allah shi sa ita tac ce tana so." Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta bi ni har Jega.

A Jega muka ɓata kusan awa biyu. Garin mahaɗa ce, motar kudu da ta arewa da ta Birnin Kebbi duk nan suke gamuwa, ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Nan abokina ya buɗe wani kwali ya gano ƙarfen rataye talabijin ya zo ba kusoshinsa. Kayan da aka yi ta yi mini kuri da su, wai sun san lokacin salla, sai ga mu tsaye cikin rana gaban mai walda yana yi musu ƙafa. Muka ƙara sayen doguwar waya, muka zuba data mai yawa a layin da abokina ya ce shi ya fi kamawa a yankinmu. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai a garin shi ne balangun wani mahauci kusa da tasha, mai taushi, yaji daidai, albasa kuwa ya zuba kamar ba saye yake yi ba.

Daga Jega zuwa Maiyama tafiyar ba ta da nisa, sai dai manyan motoci ba sa ba kowa hanya. Bayan Maiyama muka bar babban titi, gonaki suka buɗe hagu da dama, an girbe gero da dawa, sai kara da shanu suna kiwo. Rana ta riga ta yi zafi sosai lokacin da muka shiga Karaye.

Inna ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta ce na rame, ta ce matata ba ta ba ni abinci, kamar kullum. A falonta muka same ta. Yaya ne ya gina mata shi shekarun baya, kuma wannan kam ya kyauta, don shi ne ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Nan dardumarta take, da carbinta, da faifanta. Nan take cire kallabi ta miƙe ƙafafu, nan matan maƙwabta suke taruwa da hantsi ana ɓarar gyaɗa, ana kitso, ana hira. Ta dubi kwalayen ta ce, "Mi na na wanga?" Na ce saƙon yayana ne. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah shi yi albarka, ba ta ƙara tambaya ba.

Aiki ya kai mu har bayan la'asar. Muka hau rufi muka kafa sola, muka huda bango, muka ja waya kusurwa huɗu, aka ɗora kyamara a saman talabijin, ɗan ƙwan zabon nan kuma a ƙasansa yana kallon ƙofa. Da aka zo wajen lambar sirri, Yaya ya ce mu bari, daga can zai shigar, komai yana cikin wayarsa. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Da karatu ya tashi ta lasifikan nan sai da tsigar jikina ta tashi.

Muna cikin tattara kwalaye Inna ta shigo ɗaukar wani abu, kanta ba kallabi, ƙwarya a hannu. Talabijin ya kama da kansa. Kafin ta gama firgita da wannan, sai ga fuskar Yaya ta cika bango, ta fi ta gaske girma sau nawa, yana cewa da ƙarfi, "Inna! Ga ki nan, ina ganinki!" Tsohuwar nan ta yi tsaye cak. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta jawo gefen zanenta ta rufe kai, ta fita da baya-baya kamar wadda ta shiga ɗakin da ba nata ba. Shi kuwa sai dariya yake yi, yana tambayata ko ta ji daɗi.

Washegari na tarar dardumar ba ta falo. Ta kwashe ta da carbin da faifan ta koma tsohon ɗakinta mai rufin kwano, wanda da rana ko kaza ba ta son zama a ciki. Da hantsi mata suka zo, suka zauna a gindin katanga suna bin inuwa, ba wadda ta ko leƙa falon. Inna ta kira ni gefe, ta rage murya.

"Auta, yayanka shina ciki?"

Na ce a'a, sai ya kira.

"To yaushe shi ka kira?"

Na ce duk lokacin da ya ga dama.

Ta ce, "Ba sallama?"

Wallahi raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba. Mace mai shekarun Inna, a gidan mijinta, tana tambaya ko za ta iya shiga ɗakinta! Na zagaya bayan gida na kira Yaya, na ce ya kashe wannan amsa kira da kai, ko ya ba ni lambar in kashe. Ya ƙi. Ya ce bara da ta faɗi sai bayan kwana biyu aka gaya masa, shi yanzu da idonsa yake son gani, ba ya son labari. Na san yana da gaskiyarsa a nan, amma na riga na hau. Na ce masa ko shi da kansa ya zo gidan nan ba ya wuce zaure sai ya yi sallama, to wane ne ya ba hotonsa izinin da shi ba shi da shi? Na ce motar da ta ɗauko kwalayen nan daga Abuja tana da kujerar zama. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya kashe wayar.

Abokina ya ce tunda lambar tana can, abin da ya rage kawai a zare wayar kyamara da ta intanet, talabijin ya koma talabijin. Na shiga falo da sauri, na durƙusa, na kama wayar. Sai na ji muryar Inna daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Kak ka taɓa."

Na ce, "Inna, abin nan ya hana ki ɗakinki."

Ta ce, "Na sani. In ka cire, ta ina za shi zo?"

Na daɗe a durƙushe da waya a hannu. Ashe ta gama lissafinta tun jiya: gara ta bar masa ɗakin ta koma cikin zafi, da ta rufe ƙofa ɗaya da ta rage yake shigowa ta ciki. Na saki wayar na fita, don ban so ta ga idona ba.

Na kira direba muka koma Maiyama. Na sayi yadi mai kauri, kore mai furanni, wani tela ya kashe masa baki nan take, na haɗa da sandar labule da zobba. Muna dawowa na kafa shi a gaban talabijin, ya rufe gilashi da kyamara da ɗan ƙwan zabon baki ɗaya. Abokina ya riƙe haɓa, ya ce shekararsa goma yana wannan aiki bai taɓa gama haɗa kaya aka sa musu labule ba. Na ɗauko dardumar Inna na mayar inda take. Da kyar ta yarda ta shigo, ta zauna a tabarma ta ɗan juya wa bangon baya.

Bayan azahar kira ya shigo. Muryar Yaya ta fito ta bayan labule, yana tambaya me ya sa duhu kawai yake gani. Na ce, "Ka yi sallama." Har na ɗauka ya sake kashewa. Sai muka ji, a hankali, "Assalamu alaikum." Inna ta amsa. Ba ta ce a buɗe labulen ba, ni ma ban motsa ba. Ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi uwarsu, ta tambaye shi ko ciwon cikin nan na yarinta yana tasar masa har yanzu. Ni ban ma san yana da wani ciwon ciki ba. Tunda nake ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawon wannan ba, sai na tashi na ba su wuri.

Kwana na uku da safe muka kamo hanya. Matan sun koma falo da gyaɗarsu, karatun asuba kuma Inna ta ce a bar mata shi, tana so. Muka sake tsayawa wurin mahaucin Jega, muka ratsa warin albasar Aliero, mai shayin nan ya ɗaga mana hannu. Wannan karon kujerar baya tawa ce ni kaɗai, na miƙe ƙafa har Sakkwato, muka shiga gari kafin la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, da kaina zan fara. Na san Inna fiye da kowa, na san abin da zai faru, amma tsoron yayana ya sa na ɗauki kayan na kai har cikin ɗakinta ban tambaye ta ba. Mai shayin Aliero da bai taɓa ganinta ba ya fi mu tunani mu duka biyu. Duk mai shirin haɗa wa iyayensa irin waɗannan na'urori, ya fara zama da su ya ji me suke so, kuma ya bar makunni a hannun wanda ke kwana a gidan.

Ina sauke jaka saƙon Yaya ya shigo. Ya ce ya gode, amma yaushe za a cire labulen, yana son ya ga fuskarta. Na rubuta masa cewa labulen nan ba ya cikin wayarsa, ba shi da lambar sirri, da hannu ake jan sa. Daga Abuja zuwa Karaye yini guda ne a mota. Ranar da yake son ganin fuskar Inna, ya zo ya yi sallama a zaure.