Akwatin Famfon Kawu

Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye ba. Wanda ya daɗe yana gyaran waya a bakin tashar Rano dole ya zama haka, don kowa zai rantse maka wayarsa ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, ka buɗe ka tarar da tsatsa.

Wata rana da hantsi kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo daga Saji da akwatin famfonsa na sola a cikin buhu. Akwatin ne ke ba famfon umarnin jan ruwa, kuma ya kulle kansa. Kamfanin da ya sayar masa ya naɗe tabarmarsa, lambarsu ma ba ta shiga. Ga albasa a gona ta fara ƙwai, ga rana.

"Kai da ka san kwamfuta," in ji Kawu, "buɗe min shi kawai."

Kawai! Abin da ke cikin aisin akwatin, wato ɗan guntun da ke zama ƙwaƙwalwarsa, lambobi ne zalla, ba mai karanta su da ido. Akwai manhajojin da ke warware irin waɗannan lambobi su mayar da su umarni, ka ga inda kullen yake. Ni ban ƙware a kansu ba. Ina dai da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira a kwamfutata, wanda zai karanta littafin bayanin manhajar, ya sarrafa ta, ya gaya min abin da ya gani. Matsalarsa ɗaya: duk abin da littafi ya faɗa, ya hau kai ya zauna.

Saboda haka littattafan na fara tuhuma. Manhaja biyu na samu. Littafin ta farkon kyakkyawa ne, ga hotuna, ga misalai, ga jerin aisin da ta iya, har da irin na Kawu. Kyansa ne ma ya tayar min da hankali. Na ga buhun masara da yawa a kasuwa wanda samansa tsaba ce, ƙasansa dusa.

Na rubuta ɗan ƙaramin shiri da hannuna, wanda aikinsa kunna fitila da kashe ta, na mayar da shi lambobi irin na aisin, na miƙa wa mataimakin. Na san abin da ke ciki, shi bai sani ba. Ya bi littafin tiryan-tiryan, manhajar ba ta yi ƙorafin komai ba, ta zubo sakamako. Sai ga mataimakin nan yana min bayani cikin natsuwa wai shirin yana auna zafin inji. Zafin inji! Da na bincika, ashe umarnin da ke cikin misalin littafin na tsohuwar manhajar ne. An canza shi, ba a gyara littafin ba, sabuwar kuma ba ta cewa ka yi kuskure, sai ta karanta lambobin a karkace. Raina ya ɓaci sosai, har na yi wa kwamfuta tsaki.

Littafin ta biyun kuwa mummuna ne, rubutu cunkus babu hoto ko ɗaya. Amma a ƙarƙashin irin aisinmu an rubuta cewa akwai sashen da manhajar ba ta iya karantawa daidai, kuma ba su gwada shi ba. Shi ma ban yarda da shi haka nan ba, na sake yin gwajin fitilar da wannan manhajar. Mataimakin ya ce fitila ce. Sannan na ba shi abin da na kwafo daga akwatin Kawu. Ya warware mafi yawansa, ya tsaya, ya ce kullen yana cikin sashen da littafin ya yi gargaɗi a kai. Zai iya hasashe, amma idan aka rubuta hasashen cikin aisin ya zama kuskure, akwatin ya mutu ke nan.

Kawu yana kan benci yana jan carbi. Na gaya masa.

"To waccan ta farkon ba ta ce ta iya ba?"

"Ta ce, Kawu. Ƙarya take."

"Na'ura ce za ta yi ƙarya? Kai dai ka ce ba ka so."

Na ce ya ba ni lokaci in nemo wanda ya fi ni, ya samu injin fetur na aro kafin nan. Ya ce albasa ba ta san lokaci ba, kuma kowa na ban ruwa yanzu, wa zai ba shi inji? Ya ce in gwada, in ya mutu shi ya ji ya gani. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma na ƙi. Akwatin da ya kulle ana iya buɗe shi wata rana, wanda na kashe kuwa sai dai a jefar.

Ya mayar da shi cikin buhu da kansa, bai bari na taya shi ba. Shi da 'ya'yansa suka riƙa ɗibar ruwa da jarka, suka ceci gefe ɗaya na gonar, sauran ya ƙone. Har yau ban san ko hasashen nan zai yi daidai ba, kuma abin yana damuna.

Da aka cire albasa ya zo gaishe da mahaifiyata, ya ajiye mata 'yar kaɗan a leda. Ina tsakar gida ina jin su.

"Ɗanki ya iya aiki," in ji shi. "Tsoro ne dai ya yi masa yawa."