Farosesar Alhaji a hannun Maigida

Akwai wata ranar kasuwar Nguru da har in bar duniya ba za ta fita daga raina ba. Ba wani tashin hankali aka yi ba. Kwamfuta ce kawai aka haɗa a wani ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, amma duk sanda na ɗauki farosesa a hannuna sai ranar ta dawo mini.

Shagon na maigidana ne, mutumin da ya koya mini gyaran kwamfuta tun ban san gaban sukudireba da bayanta ba. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabo, ba ya kuma neman taimakon kowa. A lokacin na daɗe da barin hannunsa, na buɗe nawa shagon a Gashua, har ina jin kaina wani ne. Shi ya sa na yi mamaki da ya kira ni a waya ya ce, "Gobe ka zo, akwai ɗan aiki." Na ce wane irin aiki ne? Ya ce in na zo na gani, ya kashe.

Na shiga motar safe, muka bi ta Jajimaji, na isa da hantsi. Da na yi sallama sai ya amsa da fara'a, amma idonsa yana kallon gefen kafaɗata. Ban kawo komai a raina ba. Can ya ce in miƙo masa sukudireba, alhali ga ta nan dab da hannunsa. Wannan ma na ɗauka mulkin da ya saba ne, don Maigida ko ruwa yana gabansa sai ya sa an miƙo masa.

Ba mu gama gaisawa ba sai ga mai aikin ya sauko daga keke-napep da kwalaye. Wani Alhaji ne dillalin bandar kifi, ya sayo kayan kwamfuta daga Kano don 'yarsa da ta karanta zanen gine-gine. Alhajin nan mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe komai. Abin da ya gani da safe, kafin la'asar kasuwar kifi da ta hatsi duk sun ji. Ya jawo benci ya zauna, ya fito da carbinsa, kamar yadda mutanenmu suke yi in sun kawo kaya mai tsada. Ba sa tashi sai an rufe akwatin kwamfutar a gabansu.

"Wushe, Malam," ya gaida Maigida da gaisuwar mutanen garin. "Ni fa hannunka na zo nema. Yaran nan na yanzu gaggawa ta yi musu yawa." Ya dube ni sama da ƙasa da ya faɗi haka.

Ga wanda bai sani ba, farosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar faffaɗa ce da ba ta cika tafin hannu ba. Gurbinta a jikin babban allon kwamfutar cike yake da 'yan allurai sirara, sun fi gashi tauri da kaɗan. Akwai wata 'yar alama mai kusurwa uku a lungu ɗaya na farosesar, akwai irinta a lungun gurbin, dole su haɗu. In suka haɗu, sakin ta kawai za ka yi ta zauna da kanta. In ba su haɗu ba ka danna, alluran sun lanƙwashe, allon ya tashi aiki.

Maigida ya ɗora allon a kan kwalinsa, ya ɗaga 'yar sandar da ke kulle gurbin, duk da lalube, amma lalube na gwani wanda ba kowa zai gane ba. Ya ɗauki farosesar ta gefe da gefe. Sai na ga yana juya ta, ya kawo ta kusa da fuskarsa, ya karkata wajen hasken ƙofa, ya sake juyawa. A nan na kalli idonsa sosai, na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin. Na tuna kallon gefen kafaɗa, na tuna sukudireba, na gane dalilin kiran da ya yi mini. So ya yi in yi aikin a hankali ba wanda ya sani, Alhaji kuma ya zo ya toshe wannan hanyar.

Hannun Maigida ya fara sauka, alamar tana lungun da ba nata ba.

In na yi shiru, allon Alhaji ya lalace. In na ce "Maigida, ka juya ta," Alhaji zai ɗago kai ya ga abin da na gani, kuma daga ranar ba mai sake kawo wa Maigida ko rediyo. Mutumin nan da shagon yake ciyar da gidansa. A wajenmu kuma yaro ba ya gyara wa maigidansa a gaban baƙo, ko da yaron ya yi furfura.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ce, "Maigida, alfarma nake roƙo. Tun da na koma Gashua ba ka duba hannuna ba. Ka bar ni in sa ta a gabanka, in na karkace ka kama ni."

Hannunsa ya tsaya a sama. Alhaji ya daina jan carbi ya ce, "Da kayana za a yi wa yaro jarrabawa?"

Maigida ya ce, "Alhaji, hannun nan nasa ni na yi shi. In ya ɓata, ni na ɓata." Ya miƙo mini farosesar, ya gyara zama, ya haɗe rai kamar yadda yake yi a da.

Daga nan ya hau ni da faɗa. "Ka taɓa ƙarfen akwatin tukuna, don lantarkin jikinka ya sauka? Ina alamar? Faɗa mini da bakinka." Na ce tana ƙasa ta hagu, ta haɗu da ta gurbin. "To sake ta. Na ce saki, ban ce danna ba! Kullum hannunka nauyi gare shi." Ta zauna lafiya lau. Na mayar da murfin gurbin, na kulle sandar. Ya ce in ɗiga man nan mai ruwan toka da ke kai zafin farosesa zuwa jikin fanka, kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada in shafe ko'ina sai ka ce ina shafa wa burodi bota. Alhaji ya yi dariya har da buga ƙafa. Ni kuwa, mai shago da yara biyu a ƙarƙashina, ina ta "to, Maigida."

Da aka zo kan fankar sanyayawa sai ya ce in matsa. Ya shafa gindinta da yatsa, ya ji ledar da ake manna mata daga kamfani, ya ɓare ta. Na riƙe masa allon, na ɗan karkata shi yadda ƙafafun fankar za su faɗa ramukansu. Ya ɗaure notunan, wannan kaɗan, na can ƙetarensa kaɗan, yana zagayawa har suka yi daidai, ba tare da ya ko sunkuya ba. Wannan aikin na hannu ne, kuma a nan ban kai shi ba har yau. Na soka wayar fankar a wurinta, muka ƙarasa sauran, aka tada janareto. Fanka ta juya, rubutu ya fito a sikirin.

"Ka gani ko?" Alhaji ya ce da ni. "Ka riƙa zuwa kana ƙaro ilimi."

Bayan ya tafi muka yi azahar, muka ci shinkafa da kifi. Sai da Maigida ya rako ni bakin titi, yana dafe da kafaɗata kamar hira ce ta sa, sannan ya ce, "Yanar ido ce. Likita ya ce za a cire bayan damina. Ban faɗa wa kowa ba sai mai ɗakina." Ya ƙara da cewa, "Kai ma ai ban faɗa maka ba." Na ce haka ne, bai faɗa mini ba. A mota na yi ta kallon taga, tausayinsa ya cika ni, don ban taɓa zaton zan ga ranar da zai dafa ni ba.

Daga nan duk ranar kasuwa ina Nguru, ina "ƙaro ilimi," har aka yi masa aikin, idon ya buɗe. Abin da ya fara gaya mini da ya dawo shago shi ne teburina ya cika datti.

Alhaji kuwa har gobe in mutumin Gashua ya ce zai kawo mini aiki, sai ya ce masa ya wuce Nguru, wai ni ban gama koyo ba, a gabansa aka yi ta yi mini faɗa. Da farko abin yana ci mini rai, amma ban taɓa gyara masa zancen ba. Ranar nan ta koya mini cewa in kana son rufa wa mutum asiri, sau da yawa da naka girman za ka rufa, kuma ba za ka je ka karɓo shi daga baya ba. Maigida yana nan a shagonsa, ana kawo masa aiki, kuma wannan ya ishe ni.