Batirin da Ba Shi da Murfi

Duk lokacin da warin ruwan batir ya bugi hancina, kakana na wajen uba nake tunawa, kuma raina ɓaci yake yi.

A unguwar Hadayek el-Maadi na tashi, a ɗaki biyu can saman bene. Daga Sudan muka zo, inda Kaka ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran batiran manyan motoci. Bai fito da komai na sana'arsa ba sai ma'auninsa, wani bututun gilashi mai kan roba. Idan ya buɗe murfin batir ya zuƙo ruwan da shi, wani ɗan tsinke mai layin ja da kore sai ya taso a ciki. Tsayin da ya yi shi ke nuna ko batir na da sauran ƙarfi.

A bazarar da aka matsa mana da ɗauke wuta, tsohon batirin mota ne ke juya mana fanka. Kaka ke kula da shi, a nan kaɗai ake neman shawararsa a gidan. Idonsa ya yi rauni, sai ya ɗaga gilashin ya ce mini, "Amaryata, ja ne ko kore?" In ce, "Ja ne, kamar idon mai shi." Ya yi dariya har da tari.

Da tsohon batirin ya mutu, mahaifina ya sayo sabo, irin wanda aka rufe ruf tun daga kamfani. Kaka ya shafa shi sama da ƙasa, bai ji murfi ba. Ya ce abin da ba a duba cikinsa ba, ba a amince masa. Ranar nan bayan azahar ya sa wuƙa ya ɓamɓare saman. Batirin ya tsage, ruwan ya malale ya cinye darduma.

Mahaifina ya dawo ya gani. A gabanmu, mu yara, ya ce wa uban da ya haife shi, "Khalas, ya isa, Baba! Zamaninka ya wuce. Ka zauna ka ci abinci kawai." Ya ɗauki ma'aunin ya jefa saman kabad.

Aka sayi wani batirin, amma daga ranar, da an ɗauke wuta sai Kaka ya ja sandarsa ya koma matakalar bene ya zauna cikin zafin nan, gumi na bin gemunsa. Na roƙe shi har na gaji. Har Allah ya karɓi ransa bai sake zama gaban fankar ba.

Yanzu mota da kanta ke gaya maka halin batirinta, ba mai buɗe komai. Mahaifina ma ya yi furfura. Idan baƙi suka zo, yakan gyara zama ya ce duk yankinsu ba a yi wanda ya san batir kamar babansa ba. Ni kuwa sai in tashi in bar musu ɗakin.