Kwalbar da mahaifiyata ta sa ƙarƙashin randa

Shekarun baya, zamanin da sojoji ke riƙe da mulki, kafin in koma aikin rediyo, na yi aiki a wani ɗakin gwajin jini a Khartoum. Gidanmu yana Umbadda, don haka rabin rayuwata a jiran mota ta ƙare a Suk al-Arabi.

Aikina ƙirga kiromosom ne. A cibiyar kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai zaren gado mai tsawon kusan mita biyu, an naɗe shi a kan ƙananan sunadarai kamar zare a mazari. Wannan naɗin shi ake kira kiromatin. Idan ƙwayar tana zaune lafiya, zaren a sake yake, ba ka ganin komai sai duhu-duhu. Sai za ta rabu biyu yake ƙara naɗewa, ya dunƙule ya zama gajerun sanduna arba'in da shida. A lokacin kaɗai ake iya ƙirga su. Shi ya sa muke renon jini a kwalba na 'yan kwanaki, a ɗumi daidai da na jikin mutum, har ƙwayoyin su fara rabuwa.

Abokina, mai sayar da takalma a Kasuwar Libiya, ya haifi 'ya mace da ta ƙi zama, ta ƙi riƙe wuya. Likita ya ce yana zargin tana da sanda ɗaya fiye da ƙa'ida. Sun gaji da yawo tsakanin asibiti da malamai.

"Ya zol, ɗan'uwa, ka duba mana," in ji shi. "Ko mene ne, mu sani mu huta."

Ruwan renon da ya rage mana na kwalba ɗaya ne tak, kuma saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar ba wanda ya san ranar zuwan wani. Na zuba jinin yarinyar a ciki. Washegari wuta ta ɗauke, janareta ba mai, na'urar ɗumama kwalaben ta tsaya. Sai na yi abin da muka saba yi: na ɗaure kwalbar a haƙarƙarina da bandeji, na sa riga, na shiga mota da ita kamar mai ɓoye laya.

Na isa gida da la'asar a gajiye. Na kwance ta, na naɗe a tsumma, na ajiye a kan gado don in watsa ruwa. Da na fito na ce bari in ɗan miƙe bayana. Farkawar da zan yi, ba kwalba. Mahaifiyata kuma ta tafi gidan makoki a wata unguwa, kuma a can mata kan kwana.

Na birkice ɗaki, na duba har cikin bola. Sai washegari da hantsi ta dawo.

"Inna, kin ga wata 'yar kwalba mai jan ruwa?"

"Maganinka? Kai ɗan nan, duk karatunka ba ka san zafi na kashe magani ba? Yana ƙarƙashin zir."

A gidanmu duk abin da ya fito daga asibiti ƙarƙashin zir, wato randa, yake kwana, inda ruwa ke ɗiga. Na same ta cikin kwanon ɗigon, sanyi ƙalau.

Na mayar da ita ɗakin gwaji, na ƙara mata lokaci, na yi duk abin da ake yi. Na ɗiga ƙwayoyin a kan gilashi, a madubin gwaji na bi shi daga gefe zuwa gefe. Ƙwayoyin suna nan, kiromatin a sake, ba ko ɗaya da na iya ƙirgawa.

Na je shagon abokina na ce gwajin bai yi ba. Ya ci gaba da jera takalma.

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba."

"To, ma'alesh, ba komai," ya ce. Bai sake tambayata ba, suka koma yawonsu.

Har yau idan na tuna ba haushi nake ji ba, gajiyar shekarun nan ce ke dawo mini. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani, kuma bai isa ba. Ban taɓa gaya wa mahaifiyata abin da ke cikin kwalbar ba. Har ta rasu, idan baƙi suka zo takan nuna ni ta ce, "Da ba don ni ba, da maganin asibiti guda ya lalace a hannun wannan." Ni kuma in ce, "Haka ne, Inna."