Kujerar Makkan da Baba ya mayar

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai mahaifinmu, Malam Isa, makwancinsa a Kaura Namoda. Limamin wani ƙaramin masallacin Juma'a ne a bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ya rasu bai taɓa ganin Ka'aba ba. Ba dama ce bai samu ba. Sau biyu masu mulki suna aiko masa da kujerar Makka, irin wadda ake raba wa malamai, sau biyu yana mayarwa.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Sa'o'insa duk sun zama alhazai har da haƙorin Makka, shi kuwa yana nan malam da tsohon kekensa. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Wanda duk yak kai ka Makka, shi ka rubuta maka huɗuba. Kowa yac ci ladan kuturu, dole shi yi mai aski."

Ban gane ba sai shekarar da aka shafa jan fenti a bangon cocin su Baba Yohanna, alamar za a rushe. Kafinta ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe a unguwarmu, shi ya haɗa mana makarar masallaci. Cocin nasu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Babanmu ya hau keke ya tafi ofishin masu rusau da kansa. Ya gaya musu ba a tilasta addini, kuma hannun da ya rufe ɗakin ibadar maƙwabci yau, gobe bakin liman zai rufe. Dole suka saurare shi, don ba su da abin goranta masa. Aka bar cocin.

Yanzu yayana Sanusi ke limanci. Mutumin kirki ne. Bara aka ba shi kujera ya karɓa, ni ma na ci dabino na sha zamzam, har da taya shi murna. Amma garin ba na da ba ne. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi sai da addu'a ake binsu, mutanen ƙauye sun baro gonakinsu sun cika gari, kuma in tsoro ya yi yawa, a kan mai ƙaramin ƙarfi ake hucewa.

Makon jiya jan fentin ya dawo bangon. Baba Yohanna ya zo zauren Yaya yana dogara sanda, ya ce, "Liman, sun sake zuwa." Yaya ya sunkuyar da kai. A ƙarƙashin buzunsa akwai takardar da masu mulki suka aiko wa limamai, ɗauke da abin da ake so su faɗa ranar Juma'a. Na karanta ta. Maganar rushe cocin tana ciki, kuma ana so a ce wa jama'a daidai ne.

Me Babanmu zai ce da ya ga wannan? Ina jin keke kawai zai jawo. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, gida da littattafai muka gada, amma bakin da ba a saya ba, wannan ba a rabon gadonsa. Makarar da Baba Yohanna ya haɗa tana nan jingine a masallaci. Ita ta ɗauki Babanmu, ita za ta ɗauke mu.

Jibi Juma'a. Zan zauna a sahun gaba, in ji huɗubar wa Yaya zai karanta.