Minti a Bakin Zaure

A shekarun da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira aka turo ni Haɗejiya koyarwa a makarantar firamare. Maigidana yana aikin gona na gwamnati, kullum yana hanyar ƙauyukan fadama. Dangina suna Malam Madori, nasa suna Kafin Hausa, ga shi ina da 'ya mace da ba ta cika shekara uku ba. Wata abokiyar aikina ce ta kai ni gidan wata dattijuwa a bayan kasuwar kifi, wadda mata ke bar wa yara idan za su fita nema. Kowa Iya yake ce mata. Yaran da ke hannunta na masu bandar kifi ne da masu yankan shinkafa, sai na unguwarzoma ɗaya.

Iya tana da doka. Yaro ba ya ƙetare zaurenta da alewa ko cingam. Da safe tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, duk wanda aka kawo sai ta ce, "Buɗe baki. Buɗe hannu." Abin da ta samu sai ta miƙa wa uwar yaron.

Ni kuwa da minti nake rabuwa da 'yata. Da ta ga na saɓa jaka sai ta riƙe mini zani tana ihu, ni kuma in ɓare minti in jefa mata a baki, in sulale. Ranar farko Iya ta tara hannu a haɓar yarinyar, ta ce ta tofo. Na ji haushi ƙwarai.

"Iya, minti ɗaya ne fa."

"Na gani, Malama. Akwai masu rarrafe uku a tsakar gidan nan. In ya faɗi ƙasa, bakin ɗayansu zai shiga, kuma maƙogwaronsu bai kai girmansa ba. In bai faɗi ba, sauran za su zagaye ta suna kallon bakinta."

Ban musa ba, amma ban daina ba. Washegari na ƙulle minti biyu a gefen ɗankwalin yarinyar, na raɗa mata ta sha idan na tafi. Kwana huɗu ina yin haka, ina ganin na yi dabara. A rana ta huɗu da na zo ɗaukarta, Iya ta ɗauko wani ɗan gwangwani ta buɗe a gabana. Ga mintina guda takwas a ciki, ko ɗaya ba a ɓare ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta matsa mini a tabarma ta ce in zauna.

"'Yar nan, ba mintin take wa kuka ba. Ɓacewa kike yi. Tana tsotsa, ta ɗago kai, babu ke. Yanzu da ta ga minti ta san za a gudu a bar ta."

Na ce to yaya zan yi, ƙararrawar makaranta ba ta jira.

"Gobe ki durƙusa, ki gaya mata inda za ki, ki gaya mata lokacin da za ki dawo. Ki tafi tana kallonki. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tsaya a bayan zana ki saurara."

Haka na yi. Na durƙusa na ce, "Zan je makaranta. In liman ya kira azahar, zan zo." Ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Na fita ina share nawa hawayen, na laɓe a bayan zanar. Na ji muryar Iya tana cewa, "Yi kukanki, kin yi gaskiya. In kin gama ki zo ki riƙe mini ƙwarya, agwagi ba su ci dusa ba." Kukan ya ɗan ci gaba, ya koma shassheƙa, can sai na ji 'yata tana korar wata agwagwa da ta fi sauran zalama. Ranar na makara, hedimasta ya harare ni, ban damu ba.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Mun kusan yin wata guda, wani lokaci ta yi kuka, wani lokaci ta juya mini baya. Amma Iya ta ce da an fara kiran azahar take zuwa ta tsaya a ƙofa, don haka ban taɓa yarda na wuce lokacin ba, ko da ruwa ake yi. Minti ya koma abin hanya, muna tafe gida muna sha ni da ita.

Shekara biyu muka yi kafin a canja wa maigidana wurin aiki. Yau 'yar tawa tana da jikoki. Na taɓa tambayarta ko tana tuna Iya, ta ce fuskar ta ɓace mata, sai dai hannu mai jan lalle da yake wanke mata fuska da ruwan randa. Allah Ya jiƙan baiwar Allah nan, Ya saka mata da alheri.