Tabarmar Inna a Gilashin Talabijin

Tabarmar ƙarshe da Inna ta saƙa da hannunta gara ce ta cinye ta, a ƙauyenmu na wajen Jakusko. Daga nan sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ko sille ɗaya na kaba ba ta iya lanƙwasawa. Da aka dawo da maigidana aiki daga Nguru zuwa Gashuwa, wajen ƙarshen shekarun tamanin, sai na ɗauko ta ta zauna tare da mu.

Akwai wani zane da take yi wa tabarminta, ja da fari da baƙi, wanda ta koya wurin tata uwar. Ni na bar gida ban koye shi ba, saƙar fara kawai na iya, kuma ba ni da 'yar'uwa mace. In Inna ta tafi, ya tafi ke nan.

Na roƙe ta ta faɗa mini lissafinsa. Ta ce, “Ja uku, fari biyu, baƙi ɗaya, sai ki matsa da ɗaya.” Na rubuta a bayan littafina na ajin yaƙi da jahilci. Na sayo kaba, na rina, na yi wata guda ina saƙa doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu, yadda ake yi. Na yayyanka ta daidai tsawon tabarma, na jera, na ɗinke. Inna ta duba ta ce, “Kin yi ƙoƙari, 'yar nan, amma wannan ba nawa ba ne.” Na tambaye ta ina kuskuren yake. Ta juya tafukanta tana kallo, ta ce ita ma ba ta sani ba, hannun ne ya sani.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga wajen Jos, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Mijinta ya dawo daga kwas da wata 'yar na'ura mai kama da keken rubutu, ana jona ta da talabijin. Kwamfuta ce, in ji su. Wasa ya ɗan yi da ita, ya gaji, ya ajiye. Wata rana na shiga aron rariya, na tarar matar ta buga wa na'urar layi biyu don ta ba yara dariya, sai ga tauraro yana ta maimaita kansa har ya cika gilashin. Na tsaya ina kallo, rariya a hannu.

Na ce, “In an ce mata uku, uku za ta yi?”

Ta ce, “Maƙwabciya, wannan ko kin ce ta faɗa rijiya faɗawa za ta yi. Ba ta da wayon kanta ko kaɗan.”

Abin da ya zo mini a rai shi ne, gwajin da ya ci mini wata guda, wannan abin zai yi shi kafin ruwa ya tafasa.

Littafin na'urar da Turanci yake, ni kuwa Turancina bai wuce na kwalin magani ba. Maman 'Yan Biyu ta fassara mini kalmomi kamar goma, na rubuta kowacce da ma'anarta. Fiye da haka ita ma ba ta sani ba. Ta riƙa bar mini makulli in za ta asibiti. In an kawo wuta da hantsi, sai na ɗora sanwa, na goya 'yar autata, na shiga na zauna a ƙasa gaban talabijin.

Da yatsa ɗaya nake bugawa. Na kwafi misalan littafin yadda suke, na canza lamba ɗaya, na ga me zai faru. Haka na gane cewa kowane umarni da lambarsa, goma, ashirin, talatin, tana bin su a jere. Na gane yadda ake ce mata ta maimaita abu sau kaza, da yadda ake sa maimaici a cikin wani maimaicin, kamar ƙwarya a cikin ƙwarya. Wannan ya ci mini mako biyu. In an ɗauke wuta kuwa sai ta manta komai. Sau biyu ta yi mini haka kafin na koyi rubuta kowane layi a littafi tukuna.

Ana cikin haka takardar canjin wurin aiki ta zo wa maƙwabtan namu. Saura kwana tara su tashi, da na'urarsu.

Talabijin ɗin ba mai launi ba ne, don haka na sa tauraro a madadin ja, ɗigo a madadin fari, sifiri a madadin baƙi. Layi shida a gilashi, faɗin saƙa ɗaya ke nan. Da ya fito, sai na ga tabarmar nan tawa ce sak, zane ya karkata gefe guda kamar ruwan sama da iska. Na gwada matsawa da biyu, na gwada ja huɗu. Babu wanda ya yi kama da abin da nake ɗan tunawa ina yarinya.

Saura kwana uku na lallaɓa Inna ta shigo. Ba ta so, ta ce ba ta shiga ɗakin mutane ba sa nan. Ta zauna dai a bakin kujera, ta matso da fuskarta.

Ta ce, “Wannan ne malamin naki?”

Na ce shi ne. Na nuna mata wanne ne ja, wanne ne baƙi.

Ta ɗora yatsanta a gilashin, ta bi saƙa ta farko daga hagu zuwa dama, bakinta yana motsi. Da ta kai ƙarshe ba ta ɗaga yatsan ba. Ta sauko ƙasa kaɗan, ta juyo ta nufi hagu. Nan ta tsaya, don abin da ke ƙarƙashin yatsan bai bi lissafinta ba.

Na ce, “Inna, ba can farko ake komawa ba?”

Ta ce, “Ki koma ki yi me? Inda kika tsaya nan za ki naɗe ki juyo. Wa ya taɓa yanka saƙa?”

Ni na yanka. Na jera su duk fuska ɗaya, daga hagu, kamar yadda aka koya mana rubutu a aji. Ita kuwa naɗewa take yi, bayan saƙar ya dawo sama. Ba ta taɓa faɗa ba, don ba ta san abin faɗa ba ne.

Yini guda na yi ina neman yadda ake sa na'urar ta ƙirga da baya. Na same shi a wani misali, shida, biyar, huɗu. Washegari na sake kiran Inna. Saƙa ta farko ta karkata dama, ta biyu hagu, suka haɗu a tsini, haka har ƙasan gilashin.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “To, ga ƙayar kifi ta fito.” Ranar na fara jin sunansa.

Umarnin layi goma sha huɗu ne duka, suna nan a littafina. Da aka loda kayansu a a-kori-kura, Maman 'Yan Biyu ta ce in na gama saƙa in aiko mata da tabarma ɗaya, tunda wutarta na sha. Na aika.

Ta farkon dai Inna na shimfiɗa wa. Ta shafa ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, ta ce bakin ya yi sako-sako, in ƙara jan shi nan gaba. Sannan ta gyara ta ta fuskanci gabas, ta ta da sallar la'asar.